Hatsin Gindin Gawo

Ɗan yayana ya dawo Gidan Sori hutu daga jami'ar Maraɗi da labari a bakinsa. Bayan la'asar ya zauna a majalisar dattawa yana bayani: a Melbon ta Ostareliya, kamfanin Cortical Labs ya reni ƙwayoyin ƙwaƙwalwa wajen 800,000 a faranti, ya jona su da kwamfuta, suka koyi wasan Pong a 2022. A 2023 kuma, a Indiyana ta Amurka, an saka wa ɗan curin ƙwaƙwalwa da aka rena muryoyi 240 na mutum takwas, ya gane mai magana sau 78 cikin ɗari.

"Kwamfuta ta gama yayi, Baba," in ji shi. "Ni ma abin da zan rubuta ke nan."

Baba bai musa ba. Ya gyara zama.

"Ɗana, an yi wani manomi can wajen gulbi. Ya samo sabon iri, ya shuka a gindin gawo, inda shanun Fulani suka kwana rani guda. Ka san gawo, da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana. Hatsi ya yi kyau har masu wucewa suna tsayawa kallo. Ya ƙirga zangarniya ɗari, ya shiga kasuwa yana cewa yana da shaidu ɗari. Mutane suka sayi irin tiya-tiya, wani har akuyar matarsa ya sayar. Suka shuka a jigawa. Da kaka ta yi, ko dami biyar babu wanda ya ɗaure.

"Aka kai ƙara. Mai gari ya ce, zangarniya nawa? Ya ce ɗari. Gona nawa? Ɗaya. Damina nawa? Ɗaya. Ka shuka tsohon iri a gefensa ka gwada? Ya sunkuyar da kai."

Ni da nake gefe, na tuna cewa ire-iren curin nan ko rana ɗaya aka rene su ba sa fitowa daidai, kuma wayoyi dubu da aka jona a faranti ɗaya abu ɗaya suke saurare. Aikin yana da daraja, ina son yaron ya yi shi, shi ya sa na ji daɗin da Baba bai kunyata shi ba.

Yaron ya yi shiru. Can ya ciro salula, ya koma kan takardar binciken, yana neman inda aka rubuta faranti nawa ne.