Ranar da Na Nemi Miyau Na Rasa

Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da injin niƙa a Falanko, don haka da autanmu ya dawo daga Libiya da wata ƴar mota cikin kwali, ban ga abin da zai gagare ni a jikinta ba. Tsawonta bai fi kamu ɗaya ba. Na zaci ta batir ce irin ta yara, ashe inji gare ta na gaske: fistan kamar kan ɗan yatsa, ga buji, ga salansa, ana tuƙa ta daga nesa da rimot. Ba ta shan esansi. Manta daban ne, metanol da nitro da man zurma a haɗe, kuma galan ɗaya tak ya zo da shi.

Da zai tafi Damagaram ya ja ni gefe. "Yaya, kun ga wannan allurar ta kafireta? Don Allah kada ku taɓa ta. Zafin kan injin ya tsaya tsakanin digiri 95 da 120. In ya haura 130, a kashe. In babu ma'auni, ku ɗiga masa miyau. Ya yi daƙiƙa uku ko huɗu yana tafasa, lafiya lau. Ya ɓace nan take, to wuta ce."

Na ce, "Yaro, tun kana goye nake kwance inji."

Abin da ya tsaya mini a rai hayaƙinta ne. Duk inda ta bi sai ta ja wani shuɗin hayaƙi a baya, ni kuwa a wurina inji mai hayaƙi ɓarawon mai ne. Na kama allurar nan na murɗa ta dama, rabin juyi. Hayaƙi ya ɗauke, murya ta siranta kamar ta sauro, gudu ya ƙaru. Na dubi yara na ce, "Kun ga aikin manya?" Sai daga baya na fahimci cewa man da na hana ta sha shi ne ke sanyaya injin, kuma shi ke shafe fistan. Hayaƙin nan shi ne shaidar lafiyarta.

Azumin 2022 ne, cikin Afrilu, bayan azahar. Wanda ya san yankinmu na Damargu ya san ko a inuwa zafi ya wuce digiri 40. Motar ta zaga fili sau biyar, ta fara shaƙewa, ta tsaya cak a gindin aduwa. Nan na tuna da maganar miyau.

Na tsuguna a kanta, na tattara baki. Babu. Na motsa harshe, na tuna tsamiya, na tuna lemun tsami. Bakina ƙayau kamar tsohuwar salka. Ina cikin wannan murguɗe-murguɗe wani dattijo ya zo wucewa, ya tsaya ya daɗe yana kallona.

"Ɗana, azumin ne ya kai ka ga haka?"

Wani ɗan shekara bakwai da ba ya azumi ya ce zai ara mini. Ya tofa. Cuu! Ban ma ga inda ya sauka ba. Maimakon in yarda, sai na ce miyan yaro ba shi da kauri, na ɗora babban yatsana. Tsallen da na yi, da ƙyar zan ƙara yin irinsa a duniya. Na cusa yatsa a baki, sai ga miyau kamar an fasa tulu, dattijo kuma ya shiga tambayar jama'a ko tsotsar yatsa na karya azumi.

Bayan salla auta ya dawo. Ya juya injin da yatsa ɗaya, ya ji yana wulwulawa salamun-salamun, babu sauran matsi.

"Yaya, kun taɓa allurar?"

"Rabin juyi ne kawai."

Bai ce uffan ba, ya tashi.

Yanzu ɗana ke jan motar da igiya, yana yi mata ƙarar inji da baki. Galan ɗin man yana nan ƙarƙashin gado, kusan cike. Mai so ya same ni a wurin niƙa.