Abin Da Ke Hana Alhaji Barci, Shi Ke Tuna Wa Bakwaini Numfashi

Na san tun daga kan maganar wasu sun fara taɓe baki. Musamman ku mutanen Babbar Kasuwar Kaduna, ta Sheikh Abubakar Gumi, da ba a kawo muku labari ku karɓa sai kun juya shi gaba da baya kun nemi ragi. To ga shi nan, ku taya: sinadarin da ke cikin goro da kofi da ganyen shayi, wanda likitoci ke kira kafeyin, shi ake ba jariri bakwaini a asibiti don kada numfashinsa ya riƙa ɗaukewa.

Alhaji mai goro, na ga ka tsaya da yayyafa wa kayanka ruwa. "Kofi ga jinjirin da ko nono bai iya kamawa ba? Wannan ai sai Turawa!" Ranka ya daɗe, bi a hankali. Tun daga asuba har la'asar sakaliya bakinka bai rabu da daushe ba. In an tambaye ka dalili, ka ce yana kore kasala, yana hana gyangyaɗi. Direban da ya kwana a hanya da kayanka daga Shagamu, da me ya riƙe idonsa? Shekara da shekaru kana sayar da shaidar wannan magana ƙwarya-ƙwarya, yau kuma kai ne kan gaba wajen musu.

Ga yadda abin yake. Ba huhu ke yanke shawarar numfashi ba, umarni ne ke saukowa daga gindin ƙwaƙwalwa, dare da rana, ko mutum na barci. Yaron da ya zo kafin lokacinsa, wannan wuri bai gama nuna ba. Sai ka ga yana numfashi lafiya lau, can ya yi tsit. Daƙiƙa goma, sha biyar, ashirin. Bugun zuciya ya sauka, leɓe ya sauya launi. In tsayawar ta kai daƙiƙa 20, ko ba ta kai ba amma zuciya ta yi sanyi, likitoci sun ɗauke ta ciwo. Waɗanda aka haifa kafin ciki ya cika mako 28 kusan duk suna yi. A ɗakin kwalba na Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, ko na Shika a Zariya, aikin da ke hana ma'aikaciyar jinya runtsawa ke nan: ta leƙa, ta ɗan shafi tafin ƙafar yaro, ya zabura ya ja iska. Amma hannu biyu gare ta, kwalabe kuwa a jere suke.

A jikin kowa akwai wani sinadari, adenosin, da ke taruwa yana sa jijiyoyi su yi laushi, shi ke jawo barci. A jikin bakwaini har umarnin numfashi yake dannewa. Kafeyin kan je ya tare gurbin da adenosin ke zama. Kai, Alhaji, sai ka wartsake ka ci gaba da lissafi. Shi kuma yaro ƙwaƙwalwarsa ta farga da gurɓatacciyar iskar da ta taru a jini, ta ce a ja sabuwa.

Malam mai shayi na bakin Titin Ahmadu Bello, kai kuma na ji abin da ka ce: gwaji ne ake yi da 'ya'yan talakawa. Turawa da 'ya'yansu suka fara, Malam. A 1973 likitoci biyu a Ingila, Kuzemko da Paala, suka ba da rahoton cewa aminofilin, maganin asma kuma ɗan'uwan kafeyin, yana rage wannan ɗaukewar numfashi. A 1977 Dokta Jacob Aranda da abokan aikinsa a Montreal ta Kanada suka nuna kafeyin kansa yana yi. Su ma can akwai masu taurin kai irinku, suka ce to, yana aiki yau, wa ya san ɓarnar da zai yi wa ƙwaƙwalwar yaro gobe? Tambaya ce mai kyau, na ba ku wannan. Saboda ita Farfesa Barbara Schmidt ta jagoranci wani babban bincike: jarirai 2,006, masu nauyin giram 500 zuwa 1,250, a asibitocin Kanada da Ostareliya da Turai da wasu ƙasashe, daga 1999 zuwa 2004. Rabi aka ba su kafeyin, rabi aka ba su ruwan da ba magani a ciki, ba likita ba uwa da ya san wa ya sami wanne.

Da sakamako ya fito a 2006, cikin waɗanda ba su sami maganin ba, kashi 47 cikin ɗari sun kamu da ciwon huhu mai daɗewa. Cikin waɗanda suka samu, kashi 36. An kuma cire su daga na'urar numfashi kusan mako guda kafin 'yan'uwansu. Da suka kai shekara ɗaya da rabi aka sake dubawa: shanyewar gaɓoɓi da ke zuwa daga taɓuwar ƙwaƙwalwa ta sami kashi 7.3 na waɗanda ba su sami maganin ba, kashi 4.4 na waɗanda suka samu. Aka bi yaran nan har suka shekara 11, ɓarnar da ake tsoro ba ta bayyana ba. Aibin da aka gani shi ne a makonnin farko ba sa ƙara nauyi da sauri, daga baya su kamo. Malam, kai da ko bashin shayi ba ka iya bi na wata biyu, ga mutane sun bi magana shekara 11. Wanda ya raina tsayuwar wata, ya hau ya gyara.

Yanzu kuma kada murna ta yi yawa. Hajiya mai atamfa, na ga idonki ya yi haske, kin tuna jikanki da aka sallamo jiya, kin tuna gwangwanin Nescafe da ke kan kanta. Don girman Allah, Hajiya, a'a. Na asibiti tacacce ne, ana auna shi da nauyin yaro, miligiram 20 ga kowane kilo a karon farko, sannan 5 zuwa 10 sau ɗaya a rana, ta jijiya ko ta siririn bututun ciyarwa, ana sauraren bugun zuciya. Hantar babba kan rage rabin kafeyin cikin kamar awa biyar. Ta bakwaini sai ta kwashe kwana huɗu tana fama. Abin da ya wuce kima ba ya fita, taruwa yake, ya kai ga zuciya ta yi gudu ko yaro ya yi jijjiga. Ba kofi, ba jiƙon goro, ba shayi. Nonon uwa kawai, da ɗumin ƙirjinta, fata da fata. Mai ciki ma kada ta ce ta sami lasisin cin goro: Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi mai shan fiye da miligiram 300 a rana ta rage.

Inda ya kamata ku yi musun ba ku yi ba. Hukumar nan ta sa kafeyin cikin jerin magungunan da bai kamata yara su rasa ba, a watan Nuwamban 2022 kuma ta sake ba da shawarar a riƙa ba bakwaini. Kiyasin 2020 ya ce an haifi bakwaini miliyan 13.4 a duniya, Nijeriya ce ta uku bayan Indiya da Pakistan, da kimanin 774,000. Amma a asibitocinmu da dama maganin yana wuyar samu, in an samu kuma da tsada, don shigo da shi ake yi. Sai a koma wa aminofilin na 1973, wanda ake bayarwa sau biyu ko uku a rana, kuma tazarar da ke tsakanin awon da ke magani da wanda ke cutarwa ƙanƙanuwa ce. Ya fi babu nesa ba kusa ba, kada wani ya je ya ƙi shi. Abin dariyar ma, jikin jaririn da kansa yakan juya wani ɓangare na aminofilin ɗin ya koma kafeyin. A ƙasar da fatake suka yi ɗaruruwan shekaru suna taka sayyada zuwa Gwanja don ɗauko goro, a ce 'yar kwalbar nan ce ta gagare mu!

Ku da kuka iya ciniki, ga inda za ku gwada baki. Ranar da aka sa ɗanku ko jikanku a kwalba, ku tambayi likita cikin ladabi: yaron nan yana bukatar kafeyin? Akwai shi a nan? In babu, me ake ba shi a madadinsa? Ƙungiyar 'yan kasuwa kuma, da ba ta rasa kuɗin walima, ta aika a tambayi ɗakin jarirai mafi kusa nawa ne maganin wata guda. Alhaji, kai za ka fara sa hannu a aljihu.