Sharaɗin da Darrin Ya Gindaya wa Amaryarsa

A watan Satumba na 1964, tashar talabijin ta ABC a Amurka ta fara nuna wani wasan barkwanci mai suna Bewitched. Labarin wani matashi ne, Darrin Stephens, ma'aikacin kamfanin tallace-tallace a birnin New York, wanda ya ga yarinya ya ce in ba ita ba sai rijiya. A daren farko amarya Samantha ta fasa masa ƙwai: ita matsafiya ce, gado ta yi kaka da kakanni. Da ta ɗan murguɗa hanci, kicin ɗin da ya yi kaca-kaca sai ya koma fes. Darrin bai sake ta ba. Sharaɗi ya gindaya mata, cewa ta ajiye abin da ta iya, ta zauna kamar sauran matan unguwa. Saboda son da take yi masa ta ce to.

Ba tsafi nake karewa ba, Allah ya tsare. A ganina masu shirin ma ba shi ne a gabansu ba. Shekara ɗaya kafin nan Betty Friedan ta fitar da littafinta The Feminine Mystique, kan matan Amurka masu ilimi da aka zaunar a gida, cikinsu a ƙoshe, ransu a ƙuntace. Maganar tana da zafi a lokacin, don haka aka lulluɓe iyawar mace da mayafin tsafi, yadda za a taɓa batun ana dariya.

Akwai wani kashi a shekarar farko da ya fi tsaya mini a rai. An ba Darrin aikin tsara tallan miyar gwangwani ta wani attajiri mai suna Caldwell. Ya yi ta fama, kai ya toshe, abin da ya rubuta bai yi armashi ba. Samantha ta leƙa takardunsa, ta ba shi shawarwari masu kyau, irin taimakon da mace ke yi wa mijinta in ta gan shi cikin matsi. Maimakon godiya sai ya haɗe rai, ya ce ba yadda za a yi wannan tunani ya fito daga kanta, tsafi ta yi. Ta rantse masa hankalinta kawai ta sa, ya ƙi yarda. Rai ya ɓaci har ta bar gidan ta bi uwarta Endora, wadda dama ba ta taɓa ganin ƙimar surukin nata ba.

To yaya aka shirya? Darrin ya kai wa Caldwell shawarwarin matarsa, Caldwell ya ce ba ya so. Sai farin ciki ya kama Darrin, domin a lissafinsa da tsafi ne da mutumin ya karɓa. Wato bai gaskata matarsa ba sai da aikinta ya faɗi. Faɗuwar tata ce ta sanyaya masa zuciya har ya nemi gafara. An nuna wannan a matsayin kyakkyawan ƙarshe, an saka sautin dariyar 'yan kallo, amma ni tausayinta ne ya kama ni. Macen da mijinta ba ya samun barci sai ta gaza, da wane ƙarfin gwiwa za ta sake buɗe baki? Na san gidajen da ba a taɓa jin sunan wannan wasa ba, amma an san wannan dare sarai.

Kuma duk da sharaɗin, sau da yawa Samantha ke fitar da Darrin kunya. Maigidansa a wurin aiki, Larry Tate, zai kwaso baƙo attajiri zuwa cin abincin dare, al'amura su cakuɗe, Samantha ta samo dabarar da za ta mai da ɓarnar ta zama talla. Baƙo ya sa hannu a kwangila, a dafa kafaɗar Darrin ana yaba basirarsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Fim ɗin Bell, Book and Candle na 1958 ya fi haka tsanani. Kim Novak ta fito a matsayin Gillian, mai shagon kayan sassaƙa na Afirka, mace mai cin gashin kanta, tana yawo ba takalmi cikin baƙaƙen tufafi, da kyanwarta Pyewacket. Dokar labarin ita ce matsafiya ba ta kuka, kuma ranar da ta kamu da so ƙarfinta ya tafi. Ta kamu da son maƙwabcinta, wanda James Stewart ya fito a matsayinsa. A ƙarshe kyanwar ta guje ta, shagon ya koma na kayan ado da bawon katantanwar teku, ita kuma hawaye na zuba. Hawayen ne shaidar da ya gani ya yarda da soyayyarta. Shi bai ajiye komai nasa ba. Kamfaninsa na buga littattafai yana nan yadda yake. Ba a taɓa tambayarsa me zai sadaukar ba.

Bewitched ya shekara takwas ana nuna shi. A 1969 ciwon baya ya tilasta wa Dick York, mai fitowa a matsayin Darrin, barin aikin. Aka kawo Dick Sargent ya ɗauki sunan, ya shiga gidan, ya zauna a kujerar, ba tare da an yi wa 'yan kallo wani bayani a cikin labarin ba, wasa kuma ya ci gaba har shekara uku. Elizabeth Montgomery, mai fitowa a matsayin Samantha, ita ba a iya maye gurbinta ba. Da ta gaji ta ce ya isa a 1972, sai aka naɗe tabarmar wasan gaba ɗaya.