Sai Maɓalli Ya Bayyana

Manhajar gwaji 'yar aike ce marar musu. Ka ce mata "latsa nan, rubuta can, duba ko shafin ya buɗe", ta yi. Matsala tana farawa ranar da ka koya mata "idan".

Masu Robot Framework, ɗaya daga cikin irin waɗannan manhajoji, sun daɗe suna lallaɓawa kafin su samu IF da ELSE na sosai a siga ta 4, a 2021. WHILE kuwa, mai sa a yi ta maimaita aiki, sai a siga ta 5, a 2022. Da ya zo, da takunkumi ya zo: zagaye 10,000, a tsaya. Sun san halin mutanensu. Wani zai rubuta "yi ta dubawa har sai maɓallin biya ya bayyana", ya tafi cin tuwo, alhali tun makon jiya aka cire maɓallin.

Wannan ma da sauƙi, ko ba komai yana ihu. Mugun shi ne mai reshe: "idan maɓallin yana nan, latsa, idan babu, wuce." Maɓalli ya ɓace, gwaji ya wuce abinsa, allo ya yi kore shar, oga ya ce madalla. Masu sayayya ne za su kawo rahoton, ta waya, da zagi.