Masu Kokawa da Turanci, Gida-Gida

Turanci haruffa 26 gare shi, amma sautukan da aka ɗora musu sun kai 44 a lafazin Ingila. Wannan rashin adalci shi ya raba masu koyonsa a ƙasar Hausa gida-gida.

Akwai Mai-ba-kowa-haƙƙinsa. Da bokon Hausa ya tashi, inda abin da aka rubuta shi ake furtawa, don haka ba ya tsallake harafi. Zai faɗi k ɗin knife, ya danna b ɗin debt, ya ja s ɗin island. In malami ya tsawata, sai ya ce, "Allah gafarta Malam, in ba a son a faɗe shi, don me aka ɓata tawada?" Ni dai ina bayansa. Turawan da can suna furta k ɗin knife, jikokinsu ne suka gaji suka yar. Shi kuwa b ɗin debt, masana ne suka cusa shi don kalmar ta yi kama da kakarta ta Latin, ba wanda ya taɓa furta shi. Ranar da bawan Allah ya haɗu da though, through, tough da cough, haruffa huɗu iri ɗaya a ƙarshen kowacce amma lafazi huɗu, sai ya rufe littafi ya tafi alwala.

Maƙwabcinsa shi ne wanda p da f suka hana sakat. Hausa f ɗaya gare ta, da leɓɓa ake yin ta. A bakin Bakano takan karkata wajen p, Basakkwace kuma ya ce hwari maimakon fari. Tun da aka yi masa dariya a sansanin masu yi wa ƙasa hidima ya ɗaura ɗamarar gyara, sai gyaran ya zarce: duk p ya koma f, duk f ya koma p. Zafi ya dame shi ya je kanti neman fan, aka miƙo masa pan na suyar ƙwai. Abokin da ya fi kowa ƙyaƙyata masa kuwa, in zai ce three, itace yake ambata.

Malam Ƙamus ya fi su nauyi, don kullum yana rungume da Oxford Advanced Learner's Dictionary, aikin A. S. Hornby da Oxford ta fara bugawa a 1948. Mahaifinsa ƙamus ɗin Michael West ya rungume, abin gado ne. Ya ƙudura haddace littafin daga bango zuwa bango, sai dai har yau bai wuce harafin c ba, shi ya sa dogon Turancinsa duk daga nan yake fitowa. Shayin da sukari ya yi wa kaɗan abysmal ne, mai shayin ya yi bamboozling ɗinsa, uwargida kuma cantankerous. Ma'ana ta farko kawai yake ɗauka, ko da kalma tana da goma. Alamomin lafazin da ke gefen kowace kalma, waɗanda dominsa aka sa su, ya ɗauka kuskuren maɗaba'a ne. Gwaninsa a duniya Patrick Obahiagbon, tsohon ɗan Majalisar Wakilai daga Edo, kuma yana sauraronsa ne da hawayen sha'awa ba tare da ya gane ko jimla ɗaya ba.

Mai Turancin hanci bai taɓa wuce Zariya ba, finafinan Amurka ne suka yi masa biza. A bakinsa water ta zama wara. Ya je gaida Goggo, ta saurare shi tsaf, ta ce, "Ɗan nan, mura ce ta kama ka haka? Bari in dafa maka citta."

Mai gyara ba ya buƙatar dogon bayani, kowa ya sha hannunsa. Ya samu C6 a jarrabawar WAEC, tun daga ranar bai sake sauraron abin da mutum yake nufi ba. Ka ce masa gidanka ya kama da wuta, zai ce ka sake faɗin fire.

Sai Alhaji na Kantin Kwari, wanda Turancinsa duka bai fi a ƙirga da yatsu ba: how much, too much, last price, no good, my friend. Da su yake zuwa Guangzhou ya ciko kwantena da atamfa da shadda, inda abokin cinikinsa ma iyakar nasa ke nan, abin da ya gagara kalkuleta ta ƙarasa. Malam Ƙamus ne yake rubuta masa wasiƙun banki. Rannan ya karanto masa wata mai shafi biyu, cike da aforementioned da abin da ya yi kama da ita. Alhaji ya gyara zaman hula, ya ce, "Malam, duk na ji, Allah ya ƙara basira. Amma a cikin wannan duka, ina wurin da ka ce su ba ni kuɗina?"