Bature Ma Ya Yi Kaka, Ya Manta Ne

Ranar da na faɗa a majalisa cewa zan yi rubutu kan asalin kalmomin girbi na Turanci, wani dattijo ɗan Faskari ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Malam, yunwa ce ko rashin aiki?" Na ce duka biyun, Baba. Na san kuma irinsa na nan da yawa daga Ƙanƙara har Sabuwa, sun riga sun taɓe baki, wai me Bature ya sani game da girbi, mutumin da ko lauje aka miƙa masa sai ya kama ta bakin. To ku gyara zama, ba zan riƙe ku har masara ta jiƙe a gona ba.

Kalmar da malamin gona ke cika baki da ita, harvest, asalinta ba ta nufin yanke amfani. A tsohon Turanci, fiye da shekara 1,000 da suka wuce, sunan lokaci ce, watannin da ke tsakanin zafi da sanyi. Wato kaka. Har gobe Jamusawa na kiran wannan lokaci Herbst, uwa ɗaya uba ɗaya da waccan. Daga baya Ingilishi ya aro autumn daga Faransanci ya ba lokacin, ita kuma harvest aka bar ta da aikin. Mu ba mu yi wannan kwamacala ba: kaka daban, girbi daban, kowa na zaune a ɗakinsa. Wani zai ce ai kaka ma sunan tsohuwar da ke cikin gida ne. Haka ne, kuma duk biyun jika na zuwa wurinsu ne da hannu a buɗe, ya ci ya ƙoshi, ya tafi ba godiya.

Ina jin wani daga Sabuwa yana cewa, "To sai me? Mu dai masararmu muka sani." Masararku? Alhaji, sassauta. Daga ƙasar Meziko ta fito, kuma sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492 ta ƙetaro teku. Sunanta na Turanci, maize, Sifaniyawa ne suka ji shi a bakin mutanen Taino na tsibiran Karebiyan. Namu sunan kuwa, masana harshe na cewa dawar Masar ce aka gutsure. Kenan masarar da kuke lodawa buhu-buhu zuwa kasuwar Dandume kuna hura hanci, baƙuwa ce mai sunan aro, ta zo ta ture gero da dawa gefe ta zama uwargida. Kada ku ji haushi, Amurkawa sun fi ku laifi: corn a Ingila kowane irin hatsi ne, su suka kwashe sunan kacokan suka ba masara ita kaɗai.

Wadda ta fi ba ni dariya ita ce thresh, sussuka. Ita da thrash, wato lakaɗa wa mutum duka, kalma ɗaya ce tun asali. Duk wanda ya taɓa tsayawa a masussuka ya san dalili. Ka ga an baje zangarniya, mata sun kewaye da taɓare, ko samari sun jeru da sanduna suna bugun shinkafa, ƙura ta tashi, ƙaiƙayi ya shiga wuyan riga ya bi gadon baya, ka kwana uku kana susa kamar mai ƙazuwa. Sai a jira iska ta kaɗa a ɗaga ƙwarya a yi shiƙa, tsaba ta zubo a gindi, ƙaiƙayi ya tafi wa maƙwabci. Ni da kaina na taɓa tsayawa ta inda iska ke bi, da sabuwar shadda. Ba a sake gayyata ta ba, ni ma ban nemi a sake ba.

Barn, rumbunsu, ma'anarsa ɗakin sha'ir ce kawai. Acre, da muka mayar eka, gona ce, gwargwadon abin da shanun huɗa za su gama a yini. Gin ɗin da ake gurzar auduga da shi a Funtuwa guntun engine ne, wanda mu muka ce inji. Auduga kanta, cotton, daga Larabci suka samo ta, kamar yadda muka samo mudu.

Yanzu bari in ba ku abin da kuke jira, don na ga Baba ya fara gyangyaɗi. Ɗan boko zai ce ya yi harvest ɗin gero, harvest ɗin wake, harvest ɗin gyaɗa, duk da baki ɗaya, kamar mai maganin da ke warkar da ciwo casa'in da tara. Ku kuwa gero da dawa girbe su kuke yi, wake a yi roronsa, gyaɗa a tuge ta, shinkafa a yanke, rogo da dankali a haƙa. Bayan an ɗaure dami an kwashe, yara da tsofaffi su bi gonar su yi kala. Yaro ya ce zai je girbin rogo, a Ƙanƙara sai an yi mako ana ba da labarinsa. A nan kun ci gari, na sallama.

Sai dai kafin ku yi guɗa: wa na ji jiya yana ciniki da mai tarakta, yana cewa a yi masa haro a eka biyar? Baba, kai ne fa. Harrow ce, kuma ba a Faskari aka raɗa mata suna ba.