Ranar da Kare Ya Fita Yawo da Ni a Umdurman

Har yau mahaifiyata ta ɗauka tabon da ke wuyana na ƙurajen zafin Sudan ne, ni kuma ban taɓa gyara mata zance ba. Da wane baki za ka zauna gaban tsohuwar da ta sayar da awakinta ta tura ka karatun Shari'a a Jami'ar Afirka da ke Khartum, ka ce mata kare ne ya ja ka da sarƙa a bainar jama'a? Amma tun da ba ta karanta mujalla, ku matso.

Ƙarshen 2017 ne, ina shekara ta uku, kuɗin da ake turo mini daga Kano ya koyi ƙarewa tun wata bai raba ba. Sai Allah ya haɗa ni da wani attajiri a unguwar Mulazimin ta Umdurman, ina yi wa 'ya'yansa bitar karatu. Kullum bayan azahar in hau mota in ƙetare gadar Farin Nilu, dab da Mugran inda Fari da Shuɗi suke haɗuwa. Gidan ba laifi, shayi ba ya yankewa. Illarsa ɗaya: kare. Irin na Jamus ne, wanda 'yan sanda ke yawo da shi, sunansa Nimir, wato damisa, kuma wanda ya raɗa masa sunan bai yi zuzutawa ba.

Wata rana attajirin zai kai iyali asibiti a Alƙahira na mako uku. Maigadi tsoho ne mai ciwon gwiwa. Attajirin ya dafa kafaɗata ya ce, "Ya ustaz, ka riƙa zagawa da shi da yamma kawai. Ma fi mushkila." Na zauna a ƙasar nan har na san duk inda Basudane ya ce babu matsala, to a nan take kwance. Amma sai ya ambaci kuɗin.

Kafin mota ta sauke ni a Khartum na gama yi wa kaina fatawa. Imam Malik bai ɗauki kare najasa ba, kuma mu da Sudan duk Malikawa ne. An halatta kare don farauta da kiwo da gona, malamai kuma sun yi ƙiyasin gadin gida a kai. Ana ma ba da labarin cewa Ibn Abi Zaid, mai Risalar da muka karanta a zaure, ya ajiye kare a gidansa don tsaro. Ɗalibi in yunwa ta kama shi ba ya rasa ƙauli.

Ranar farko muka fita titin bakin Nilu, wajen tsofaffin ganuwoyin laka da mutanen Khalifa Abdullahi suka gina don tarar jiragen ruwan Kitchener a 1898. Na ce muka fita, amma gaskiya shi ya fita, ni rakiya na yi. Iska na kaɗo ƙarnin kifi daga kasuwar Maurada, Nimir ya ɗaga hanci ya yanke shawara. Silifas ɗina ɗaya ya tsaya a gindin ganuwa, ɗayan ya bi mu har rabin hanya kafin shi ma ya haƙura. Matan da ke sayar da shayi a ƙarƙashin bishiyoyi suka ajiye butoci suna kallo. Ɗaya ta ɗaga murya ta ce, "Ya zol, ina zai kai ka?" Ban amsa ba, domin ni ma tambayar da nake yi wa kaina ke nan. Kwana uku a haka, kafaɗata ta dama ta fi ta hagu tsawo.

Rana ta huɗu na nufi wani shago a unguwar Amarat inda ake sayar da kayan karnuka da kyanwoyi, abin da ban san akwai shi a duniya ba. Mai shagon ya saurare ni kamar likita, sannan ya zaro wata sarƙa. Zobba ne na ƙarfe a jere, kowane da haƙora biyu masu dakusasshen baki suna kallon ciki. In kare yana tafiya lafiya, tana zaune a wuyansa shiru. In ya ja, sai ta tsuke, haƙoran su matse fata ta ko'ina lokaci guda. Ya ce a ɗaura ta can sama bayan kunnuwa, kada ta yi sako-sako. Na ce ba za ta ji masa ciwo ba? Ya yi dariya. Ya ce ai haka uwar kare ke kama ɗanta a wuya in ya yi rashin ji, tunatarwa ce kurum. Ya ƙara da cewa aikin Jamus ne. Da jin Jamus na miƙa kuɗi.

Ko aikin ina ne, zobe ɗaya ya ƙi riƙewa, yana ta ɓallewa. Sai na kawo dabara irin ta Bakano: na cire ƙaramin kwaɗon akwatina na haɗa bakin biyu da shi. Ku riƙe zancen kwaɗon nan.

Sarƙa ta yi aiki, ba zan ci amanarta ba. Nimir ya ja sau ɗaya, ya yi wani ɗan kuka siriri da bai dace da girmansa ba, ya dawo gefena. Muka wuce masu shayi ina taku ɗai-ɗai kamar hakimi ranar hawan daushe. Abin da ban kula da shi ba sai daga baya: wutsiyarsa ta shige tsakanin ƙafafu, kunnuwa sun kwanta. Kuma a rana ta biyu da sa sarƙar ya fara wani sabon hali. Da can in ya ga jakin amalanke ko yara sai ya nufe su da rawar jiki. Yanzu duk lokacin da ya nufe su wuyansa ke zafi, sai ya yanke hukuncin cewa jakin ne ke cizonsa, ya riƙa yi masa gurnani tun daga nesa.

A nan Kawu ya shigo labarin. Ba ƙanen uwata ba ne, amma duk ɗalibin Kano da ya taɓa cin bashinsa haka yake kiransa. Kakansa na cikin waɗanda suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Da niyyar Makka aka fito, zama ya kama. Kawu bai taɓa taka Najeriya ba, amma Hausarsa irin ta tsofaffi ce, da ɗan Larabci a gefe kamar yaji. Sana'arsa agashe, wanda ba komai ba ne illa tsirenmu da ya yi hijira. Ko sunan ka saurara ka ji Hausa a ciki. Da yamma yake kafa teburinsa kusa da Maurada. Muka wuce ta gabansa, ya dubi karen, ya dube ni, ya ce, "Malam ƙarami, gobe ina nan tafe."

Ya zo kuwa, da ƙunshin nama a takarda. Ya tarar na sauko da sarƙar daga jikin ƙusa, igiya na maƙale da ita, kwaɗo a buɗe. Ya karɓa ya jujjuya.

"Wannan me sunanta?"

"Tunatarwa ce, Kawu. Ba ta ciwo. Kamar yadda uwar kare ke kama ɗanta."

"Ka taɓa ganin karya mai haƙora arba'in na ƙarfe?"

Na shiga kawo hujjoji. Na ce bakin haƙoran a dakushe yake. Na ce matsin yana rarrabuwa daidai a kewayen wuya, ya fi igiyar da ke shaƙe maƙogwaro wuri guda. Duk abin da mai shago ya faɗa na maimaita, har da ƙari. Kawu ya bar ni na gama, ya ce, "In ba ta ciwo, me ya hana shi ja?"

Tambayar nan ba ta cikin abin da na haddace. Maimakon in yi shiru, sai ilimi ya motsa. Na ce bari in nuna maka. Na cire hula, na zagaya sarƙar a wuyana, wanda ashe kaurinsa ɗaya da na Nimir, na danna kwaɗo. Ƙas.

"Ka gani? Ko a jikina."

Gaskiya ne, a tsaye ba ta ciwo. Sanyi ma take da shi. Sai dai Nimir ya san ma'anar igiya a ƙasa da ƙofa a buɗe. Ya zo da murna ya cafki bakin igiyar da haƙoransa. A daidai lokacin wata kyanwa, wadda na tabbata aiko ta aka yi, ta gilma ta bakin ƙofa.

'Yan'uwa, ban san ina da gudu ba sai ranar. Fizgar farko ji na yi kamar kunamu goma sha biyu sun yi shawara sun harbe ni tare. Daga nan ban sake yarda igiyar ta miƙe ba. Na riƙe ta da hannu biyu, na sunkuya, na bi kare sau da ƙafa, jallabiya na tashi a baya. In ya yi dama in yi dama. In ya rage gudu in rage. A cikin taku ashirin na zama ɗalibin da duk mai horo ke mafarkin samu. Muka fito lungu, muka sha kwana, muka ɓullo daidai wurin masu shayin nan. Kyanwa ta haye bishiyar dalbejiya, Nimir ya tsaya a gindi da igiya a baki, ni kuma na tsaya a bayansa cikin ladabi.

Wurin ya yi tsit. Wani dattijo mai farin rawani ya tsaya da kofin jabana a hanyar baki. Matar nan ta rannan ta dube mu sama da ƙasa ta ce, "Yau dai kun daidaita."

Kawu bai yi gudu ba. Ya iso yana tafiyar ƙasaita, ya warware takarda, ya ɗaga yankan nama ɗaya. Nimir ya saki igiya ya zauna. Aikin da ƙarfe ya yi da kuka, tsoka ɗaya ta yi shi da kaɗa wutsiya.

Na lalubi aljihu. Makullin kwaɗo na can Khartum, a wandon da na jiƙa da safe. Magariba ta kusa, gada ta cushe kamar yadda ta saba. Dattijon nan, Allah ya saka masa, ya kwance rawaninsa ya naɗa mini a wuya. Muka mayar da kare gida, muka tari raksha, wato a-daidaita-sahunsu, muka nufi Kasuwar Umdurman wajen maƙera. Duk ramin da tayar ta faɗa sai sarƙa ta tuna mini da kanta.

Maƙerin ya warware rawani, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya dubi Kawu, ba ni ba, ya ce, "Naka ne?"

Kawu ya ce, "Nawa ne. Yanka, ba ya cizo."

Daga baya na bi diddigin abin, saboda wanda ya sha wuya yana son ya san sunan abin da ya ci shi. Ostiriya da Suwizalan sun hana amfani da irin wannan sarƙa, Ostireliya ta hana shigo da ita, ita kanta Jamus da aka yi mini talla da sunanta ta haramta horar da kare da ita tun watan Janairun 2022. Masu kare ta suna da maganarsu: tsoho ko mace mai rauni da ƙaton kare, in ya fizge ya faɗa titi fa? Kuma igiya zalla ma tana shaƙewa. Na yarda da wannan duka. Abin da ban yarda da shi ba shi ne kalmar "ba ta ciwo". Na sa, na ji. Tana aiki ne saboda tana ciwo, sannan ta ci gaba da aiki saboda tsoron ciwon. Wanda zai yi amfani da ita ya faɗi hakan da bakinsa, ya bar jingina wa uwar kare.

Kawu ya ɗinka wa Nimir ɗamarar ƙirji da tsohon ɗaurin jakin amalanke, yadda in ya ja ƙirji ne zai ɗauki nauyi. Darasin kuwa ni aka yi wa. Ya ce kare ya fi mutum sauri, kuma duk ranar da ya ja ka bi shi ya isa wurin kifi, ka koya masa cewa ja ne kuɗin mota. In igiya ta miƙe, ka tsaya kamar turke. In ya waiwayo ta saki, ka ba shi ɗan nama ku ci gaba. Ranar farko mun yi awa guda ba mu bar lungu ba. A rana ta tara muka je har ganuwa muka dawo da silifas biyu. Sai dai aljihuna ya ɗauki ƙamshin agashe, karnukan unguwa marasa gida suka riƙa binmu a jere, har yara suka raɗa mini Shehun Karnuka. An sayar da kare an sayi biri, amma birin ya fi sauƙi.

Attajiri ya dawo ya biya ni cif. Rabin kuɗin ya tafi wajen Kawu, bashin nama. Sarƙar kuwa shi ya riƙe ta, yana ɗaure bencinsa da ita a jikin turken lantarki in ya tashi da dare, kuma benci bai taɓa ja ba. Duk wannan kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya tarwatsa zaman bakin kogin nan ne. Allah ya mayar musu da lafiya da shayinsu.

Wanda ya san tsohuwata a cikinku, don Allah ya bar zancen a kan ƙurajen zafi.